Injiniya Milimita da Faifan Kawu

Duk wanda ya ce unguwarmu ba ta da babban mutum, to bai taɓa hawa benen da ke saman shagon magani ba. A can Injiniya Milimita yake zaune gaban allon kwamfuta har biyu, cikin farar rigar da ko ƙuda yana jin nauyin sauka a kanta. Aikinsa na masu ilimi ne. A ɗauki hoton wani ƙarfe na inji, shi kuma ya gina siffarsa a cikin kwamfuta, gaba da baya, ciki da waje, yadda za a kai wa masu yankan ƙarfe su fitar da sabo. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa, don ko shayi aka zuba masa sai ya ce an zarce da milimita uku.

Allah ya yi masa baiwa iri-iri, wannan ba musu. Babbar cikinsu ita ce shekara shida yana harkar inji, baƙin mai bai san tafin hannunsa ba. "Zamanin shafe-shafen giris ya wuce," in ji shi. "Hannu yana ƙarya, ido yana ƙarya, amma hoto ba ya ƙarya."

Ana nan sai injin kwaɓa fulawa na kawunsa ya fara tsiya. Kawun nan shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, kuma gidan burodinsa shi ne ci da shan iyalinsa gaba ɗaya. Injin yana juyawa lafiya, amma da kwaɓin ya yi nauyi sai ya saki wata ƙara mai sa tsikar jiki tashi, ya tsaya cik. Shugabar wata makarantar kwana, wadda ke ɗaukar rabin burodin gidan, ta ba shi kwana goma. In Litinin ɗin sama ta zo ba a kawo cikakke ba, za ta koma wani gidan.

Tsohon bakaniken da ke duba injin ya kwance shi, ya ciro wani faifan ƙarfe mai haƙora, wanda su makanikai suke kira giya. Ya ce faifan ya cinye, kuma an daɗe da daina yin irinsa. Kawu ya yi murmushi, ya ce ai abin ya zo da sauƙi, suna da injiniya a gida.

Injiniya ya iso da safar hannu, da fitilu biyu, da farin ƙyalle. Ya sa aka wanke faifan tas, aka kwantar da shi a kan ƙyallen kamar jariri, aka ajiye rula a gefensa. Sannan ya shiga zagaye shi, ya durƙusa, ya miƙe, ya hau kujera, har ya ɗauki hoto ɗari huɗu da goma sha biyu. Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka leƙa ɗaya faifan da wannan ke shiga cikinsa. Daga shi ake gane yadda haƙoran suke tun suna sababbi."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau. "Baba, kai da tsammani kake aiki, ni kuma da shaida. Ga abu a gabana, in je neman labarinsa wurin maƙwabci?"

Kwana shida ya yi a bene, kuma gaskiya an ga aiki. Duk wanda ya hau sai an zaunar da shi ya kalli faifan yana juyawa a allo, yana sheƙi. Ga tabon da guduma ta yi masa tun ba a haifi Injiniya ba, ga wata 'yar ƙarzuwa a gefe, ga lambar da ta kusa gogewa. Ba abin da ya tsere masa. "Kuskurena bai kai kaurin gashin kai ba," in ji shi. "Wanda ya ƙera na asalin ma, in ya gani sai ya nemi in koya masa."

Da zanen ya isa wurin mai yankan ƙarfe, mutumin ya bugo waya cikin ladabi. Ya ce haƙoran sun yi sirara, duk sun kwanta gefe guda, ramin tsakiya kuma ya fi kama da ƙwai. Injiniya ya katse shi. "Tsakanin ni da kai wa ya yi karatun? Yanka abin da ka gani." Mutumin kuwa ya yanka abin da ya gani.

Ran Lahadi da la'asar aka ɗaura sabon faifai. Injiniya ya gayyato abokai su ɗauki tarihi da wayoyinsu, ya yi jawabi a kan makomar masana'antu, sannan ya danna makunni da ɗan yatsa ɗaya. Injin ya tashi sumul. Aka zuba fulawa da ruwa, kwaɓi ya fara kama jikinsa. Sai ga ƙarar nan ta dawo, ba ragi ba ƙari, inji ya tsaya cik.

Bakanike ya ciro sabon, ya ajiye shi kusa da tsohon, ya daɗe yana kallonsu. "Tsakani da Allah ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba," ya ce. "Cinyewar da ƙarfen nan ya yi shekara arba'in yana yi, kai ka yi ta cikin kwana shida."

"Kun ji da kunnenku," in ji Injiniya, yana juyawa wurin masu waya. "Sak!"

Ni dai a nan dariyata ta ƙare. Kawu, dattijon da ya doshi saba'in, ya tuɓe riga, ya kira ma'aikatansa biyu, suka duƙa a kan kwaɓi da hannu. Sun yi iya yinsu, amma rabi kawai suka iya kaiwa ran Litinin, shugabar makaranta kuwa ta cika alkawarinta.

Ran Talata Injiniya ya leƙo don ya yi bayani. Ya ce matsalar ta injin ce, tsohon yayi ne, bai iya karɓar aiki mai inganci ba. Ya ga Kawu duƙe yana kwaɓi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, sai ya zaro waya. Wai zai yi nazarin motsin jiki, ya zana masa wata na'ura da za ta hutar da shi.

Kawu ya ɗago a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Sauke wayar nan, ɗana," ya ce. "Ciwon baya ɗaya gare ni. Kada ka yi mini na biyu."