Ɗigon Ƙyalli da Babban Yatsana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗigo ɗaya ya zaunar da ni a ƙasa.

Ginin tukwane nake yi tun ina yarinya a ƙauyenmu, bayan Maradun. Da 'yan bindiga suka tashe mu na sauka Talata Mafara, na shiga wani gidan koyon sana'a. Can ba a gashi da kara da kashin shanu. Tanderun gas ne, ana jera kofuna a ciki kan farantan dutse. Kafin gashi ana tsoma su cikin ruwan ƙyalli. In ya yi yawa sai ya narke, ya ɗiga kan faranti, ya daskare kamar gilashi.

Malama Hafsatu, 'yar Bakura mai koya mana, ta nuna yadda ake cire shi. A bar faranti ya huce, a shimfiɗa shi kan buhu, a sa safar hannu da tabarau. A kwantar da kurfi, ƙarfen nan mai kaifin baki, a buga a hankali, sannan a goge da jiƙaƙƙen dutse don kada a shaƙi ƙura.

Ta miƙo mini safa. Na ce, "Riƙe abinki, ɗiyata. Hannun ga ya ciro tukunya daga wuta tun ba a haife ki ba."

(Ban rage murya ba. So nake 'yan matan da muke koyo tare su ji.)

Na buga, ɗigon ya fita. Sai na yi abin da nake yi wa kowace tukunya: na bi wurin da babban yatsa in ji ko ya yi sumul. Ban ji zafi ba. Jini kawai na gani yana bin gwiwar hannuna.

Yatsan dama ne. Da shi nake fitar da bakin tukunya. In ya lalace, ban san da me zan ci abinci ba.

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ni da aka kawo gawar maigidana idona a bushe. Kuka har da majina, gaban sa'o'in jikokina.

Malama ta ce wa 'yan matan su je su ɗebo ruwa (randa cike take). Ta wanke yatsan, ta danne shi da tsumma.

"Inna, lanƙwasa shi in gani."

Ya lanƙwasu.

"Jijiya lafiya lau. Fata ce kawai."

"To mi ya hana kukan ga tsayawa?"

"Ƙyale shi, Inna. Ba na yatsa ba ne."

Ta zauna kusa da ni har na gama.

Yatsan ya warke, bakin tukwanena bai karkace ba. Yanzu ina sa safa, ina sa tabarau, na fito kamar mai walda. Na gane kantar hannu ta wuta ce, ba ta tare gilashi. Kuma kukan da aka daɗe da ajiyewa, ranar da zai fito ba ya tambayar ko akwai mutane.