Fuskar Ɗan Fari

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kai jikata Maryama ɗakin miji a Safana ba. Ni ce fa matar da ake cewa idonta ba ya kuskure. Daga bakin zaure nakan gane yarinyar da ta taɓa man shanuna.

Uban Maryama ɗana ne na fari. Ya rasu tana goye, hotonsa guda ɗaya kuma ya ƙone tare da ɗakinmu ranar da ɓarayin daji suka shigo ƙauyenmu can wajen Ruma. Ta sha tambayata kamanninsa, ni kuwa in kore ta da tsawa. Da bikinta ya matso, na ƙudura sai ta shiga ɗaki da fuskar ubanta.

A Batsari akwai wani mai rubuta allunan shaguna da ke zana mutane da fensir. Ya ce in babu hoto aikin zai yi wuya. Na ce ya zana kawai, ni na haife shi. Ya tambayi sunan mamacin, na ce ba na faɗi. (Wace uwa ce ke kiran sunan ɗan fari?) Na zauna masa a kai kasuwa bayan kasuwa: rage hancin, ƙara goshin, kunnen nan ba haka yake ba. Har fensirin na ƙwace na nuna masa, ni da ban taɓa riƙe shi ba. Da ya gama, sai na ji fuskar ta kwanta min a rai.

A ɗakin amarya na sa mata suka yi shiru, na kwance ƙyallen da na naɗe hoton da shi, na ce, "Ga ubanki." Maryama ta ɗaga mayafi ta daɗe tana kallo.

"Kaka," ta ce a hankali, "ai Baffa Sada ne."

Sada autana ne, yana tsakar gida yana sauke katifa daga kan babur. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta. Na sake dubawa. Shi ne, har tabon gira.

A nan na gane. Shekarun da ɗan farina ya yi a duniya, in ya shigo sai in kau da kai, don kada a ce ba ni da kunya. Na san tarinsa, na san takunsa. Fuskarsa ce ban taɓa ƙare wa kallo ba.

Maryama ta rataye hoton duk da haka, wai jini ɗaya ne. Yanzu ta haihu, namiji. Duk lokacin da na je na same ta tana satar kallon ɗan farin nata, nakan yi kamar ina neman goro a jaka. Idon nan nawa ya koyi abin da zai ƙyale.