Dutsen Dalilin Yaƙi

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiya, an taɓa yin yaƙin basasa. Kurayen ƙetaren kogi, masu fataucin kanwa, suka ce sun fita daga majalisar dabbobi, sun kafa tasu. Aka gwabza, aka yi asarar rayuka. Daga ƙarshe aka ci kuraye da yaƙi, aka dawo da su majalisa, aka kwance jakunan da suka daɗe ɗaure a turakunsu.

Shekaru suka wuce, waɗanda suka ga yaƙin suka fara ƙarewa. Sai majalisa ta ga ya kamata a tsayar da magana ɗaya game da dalilinsa, wadda za a riƙa koya wa ƙanana. Al'adar dajin kuwa, hukunci ba ya zama hukunci sai an ɗauko dutse daga bakin kogi an kai shi kan tudun majalisa kafin rana ta faɗi. Idan dutse ya hau tudu, magana ta zauna har abada. Idan bai hau ba, kamar ba a yi ta ba.

Gauraka Tanimu, shugaban majalisa, ya buɗe zama, ya ba Makau dama. Makau ƙosasshen kure ne mai laushin murya, jikan jagoran waɗanda suka ɓalle.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kakannina ba mugaye ba ne, 'yan kasuwa ne. Majalisa ta ɗora musu haraji a mashigin kogi, kanwarsu ta yi kwantai, giwayen wannan ɓangaren suka mamaye kasuwa. Duk wanda aka toshe wa hanyar abinci dole ya nemi mafita. Batun jakuna daga baya ya shigo, kuma ƙaramin abu ne. Roƙona kada mu cusa wa yara ƙiyayya. A ce musu ciniki ne ya kawo yaƙi."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai Gwamma ta matso gaba. Tsohuwar jaka ce, ita kaɗai ke wakiltar jakuna a majalisa. A gindin turke aka haife ta, kuma har lokacin gashi bai fito ba a inda akumari ya ci bayanta.

Ta ce, "Makau, ɗana, na ji ka ambaci kanwa, ka ambaci mashigi da kasuwa. Kanwar nan da ƙafarta take zuwa mashigin? An daɗe ana biyan harajin ana gunaguni, babu wanda ya ɓalle, sai a daminar da majalisa ta ce a yanke igiyoyinmu. Kakanka bai ɓoye ba. Kan suri ya hau, a gaban kowa, ya ce don mangala aka halicci jaki, kuma a kan haka zai mutu. Ya kuwa mutu a kai. Me ya sa kake ƙaryata shi yanzu da ba ya nan?"

Makau ya yi murmushi. "Iya, sha'anin arzikin ƙasa abu ne mai zurfi."

"Na san zurfinsa. Zo ka taɓa bayana."

Hawainiya Jatau, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali. "Ni a ganina kowa yana da gaskiya. Dalilai suna da yawa. Amma tunda jakunan ma cikin harkar ciniki suke, idan aka ce ciniki ai an haɗa da su. Iya Gwamma ba ta rasa komai ba."

Maganar ta yi wa majalisa daɗi, don ba ta nemi kowa ya ji kunya ba. Ga yunwa, ga kuma raɗe-raɗin cewa Makau zai sassauta farashin kanwa. Aka kaɗa ƙuri'a, ciniki ya ci. Babu wanda ya goyi bayan Gwamma sai wata bushiya da ba ta ji tambayar ba.

Aka gangara bakin kogi. Makau da kansa ya zaɓi dutse, ya nuna wanda ya fi kowanne girma, ya ce babbar magana sai babban dutse. Daga nan kowa ya juya yana kallon Gwamma. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Kawai dai duk duwatsun da ke kan tudun, na kafin yaƙi da na bayansa, jakuna ne suka kai su, kuma ba a taɓa tambayar dalili ba. Wani biri har ya kawo akumari yana kakkaɓewa.

Tanimu ya ce, "Iya Gwamma, bisimilla. Rana tana yi."

"Ranka ya daɗe, yanzun nan kuka yanke cewa bayan jaki ƙaramin abu ne a tarihin dajin nan. Ƙaramin abu ba zai iya da wannan dutse ba. Ku kira ciniki ya ɗauka."

Makau ya ce, "Haba Iya, ai ba kyauta ba. Za a biya ki."

"Riƙe kanwarka. Na ɗauki kayan kakanka don da igiya a wuyana. Yau babu igiya, kuma ba zan kai wa jikokina ƙarya kan tudu da bayana ba."

Sauran jakuna, waɗanda suka zo kallo, suka tako ɗaya bayan ɗaya suka tsaya kusa da ita. Tanimu ya kumbura wuya. "Kin san majalisa tana iya karɓe kujerarki?"

"Tana iya. Shi ma hukunci ne. A zaɓo masa dutse."

Kuraye suka gwada turawa, ƙafafunsu na baya suka gaza. Giwa ta ce matsayinta ya wuce dako. Jatau ya ba da shawarar a raba dutsen gida biyu, ba a sami mai fasawa ba. Gwamma ta tsaya tana korar ƙuda da jela har rana ta faɗi.

Washegari majalisa ta kafa kwamiti ya binciko abin da ya hana dutsen hawa. Bayan dogon nazari, kwamitin ya gano cewa tudun ne ya cika tsayi.