Katin da Na Sa wa Gilashi

Ba na jin akwai ranar da zan manta da zuwan Mista Okada ma'ajiyarmu ta Ras Al Khor, a nan ƙasar Larabawa.

Aikina sauke kwantenar kayan mota da ke zuwa daga Japan. A aljihun gaban wata motar da aka yanko rabinta don kayan gyara na fara tsintar katin besbol, wasan nan da ake maka wa ƙwallo kulki. Daga nan abin ya shiga raina. Cikin shekara biyu na tara katuna kusan cikin gwangwanin alewa, har abokan aiki suka laƙaba mini Farfesa (ni kuwa ina amsawa, ko kunya babu).

Akwai guda ɗaya da na fi ji da shi: zanen ɗan wasa ya durƙusa, ya yamutsa fuska, ga rubutun zinariya a gefe. Na bincika ko'ina ban ga irinsa ba, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa babu na biyunsa a duniya. Har gilashi na sa masa. Wayar da za ta fassara mini rubutun tana aljihuna kullum, amma ina Farfesa ina tambaya?

Mista Okada shi ne dattijon da ke turo mana kaya. Maigidana, Alhaji Sabi'u, yana neman wanda zai riƙa raka shi Japan, ni kuwa na ƙwallafa rai. Ranar da dattijon ya zo, bayan an sha shayi, sai Alhaji ya ce, "Yalla, maza, Farfesa, nuna masa abin naka."

Na miƙa da hannu biyu, na gyara murya, na ce da Turancina na kasuwa, "Wannan gwarzo ne. Dubi fuskarsa, kishin ƙungiya ne zalla."

Dattijon ya sa tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Me aka rubuta?" in ji Alhaji.

"Tallar asibiti ce," ya ce a hankali. "Ta masu basir."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Khalas, shi ke nan, Farfesa, ashe ciwo ne kishin!"

Da dariya ta lafa, Mista Okada ya jawo gwangwanin ya zauna a kan taya yana dubawa ɗai-ɗai. Ya ware uku, ya ce tsofaffi ne na gaske, irin waɗanda yake saye yana yaro. Idonsa har ya kawo ruwa. Kafin ya tafi ya rubuta mini haruffan Japananci goma a bayan kwali, ya ce in haddace kafin mu haɗu a can. Alhaji bai musa ba.

Yanzu na kai harafi arba'in, fasfona kuma yana ofishin biza. Abin da na koya shi ne: kafin ka yi wa mutum kirari, fara tambayar abin da ke damunsa.