Ranar da Na Ba Mafara Sifili

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tara surukai a zaurena na Talata Mafara domin in yanke wa garuruwa huɗu hukunci ba, alhali ni ne za a yanke wa.

Ni mutum ne da ya yi karatu a hannun 'yan Mishan, a zamanin da ake duba farce da wuyan riga kafin a duba littafi. Na yi shekara da shekaru ina aikin duba makarantu, kuma ban taɓa sa hannu a takardar da aka kankare ko da harafi ɗaya ba. (Malaman da suka yi aiki a ƙarƙashina suna nan da ransu, a tambaye su.) Saboda haka da autana Bashir ya kammala koyon gyaran injin ban-ruwa, ya kuma yi aure, sai na ga bai kamata a zaɓi garin da zai zauna da ka ba. Na shaida masa zan auna Kaduna da Kano da Sakkwato da Mafara, wanda ya zo na ɗaya can zai koma da iyalinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Mahaifiyarsa kuwa, kwana uku tana aiko mini da tuwo babu man shanu.

Mako uku na yi a kan aikin. Na ja layuka da rula, na ware gurbin aikin yi, da ruwan sha, da asibiti, da makaranta, da tarbiyyar maƙwabta, kowanne maki goma. A ƙuryar ɗaki na yi shi, tagogi a rufe, saboda wata ƙarar injuna da ta addabi ƙofar gidana a 'yan watannin nan. Har gobe ina alfahari da wannan jadawali, domin ko layi ɗaya bai karkace ba.

Bayan an sauko daga masallaci baƙi suka hallara. Akwai Alhaji Sani, mahaifin matar Bashir, wanda ya taso daga Bakura. Akwai kuma Garba direba daga Maradun, ƙanin matata, wanda al'ada ta ba shi izinin yi mini wasa, shi kuma ya mayar da izinin sana'a. Na gyara tabarau na miƙe tsaye, domin ba a karanta sakamako a zaune.

Sakkwato ta faɗi saboda zafi. Kano ta sha da ƙyar saboda cunkoso. Kaduna ce ta zo ta ɗaya, na kuma bayyana dalili: masaƙu ne jere, ma'aikata na canjin aiki sau uku a rana, kuma duk inda injuna suka yi yawa mai gyara ba ya zaman banza.

"Malam," in ji Garba, "yaushe rabonka da Kaduna?"

Na ce wannan tambaya ba ta cikin jadawali. Ya nace. Dole na amsa cewa tun kafin a haifi Bashir.

"Ai ko satin jiya na bi ta gaban masaƙun nan. Ciyawar da ke ciki ta hi ni tsawo. In dai gyaran awaki Bashir ya koyo, wallahi akwai aiki."

Alhaji Sani ya shiga duba carbinsa kamar yau ya saye shi. Mai hankali a nan zai naɗe takarda. Ni kuwa sai na ɗaga murya na wuce zuwa Mafara. Na yaba mata a kan ruwa da shinkafa da zumunci, sa'an nan na ce, "Aikin yi: sifili. Mai sana'a irin ta Bashir ba shi da abin yi a garin nan."

Ban rufe baki ba aka yi sallama. Wani dattijo ne da taɓo har gwiwa. Muka gaisa, na tambayi gida, ya tambayi iyali, na tambayi gajiya, ya tambayi zafi, sa'an nan ya ce daga Damri yake, Injiniya yake nema. Na shaida masa da kakkausar murya cewa babu injiniya a gidan nan.

"Bashir hwa, ranka shi daɗe. Tun da anka sauko Juma'a muna waje, mu bakwai. Na Morai sun riga ni, na Damaga ma cikin gari ya kwana. An ce muna ana taro, munka yi haƙuri, amma albasata yau kwana ukku ba ta sha ruwa ba."

Na leƙa waje. Ga mutane zaune a inuwar darbejiya, kowa da injinsa ɗaure a bayan babur. Ashe ƙarar da na rufe wa taga ita ce aikin da na ce babu shi. Na tsaya da takarda a hannu, ina jin Garba yana ta tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Sai Bashir ya matso ya durƙusa. "Baba, in ka ce Kaduna, Kaduna za ni. Amma ka ba ni izini in tada injin bawan Allah nan tukuna."

Ban taɓa jin kunya da alfahari sun haɗu mini a ƙirji kamar lokacin ba. Yaron ya san gaskiya tun farko, amma mako uku bai ƙaryata ubansa ba. Na daidaita murya na ce, "An soke sakamako. Bashir zai zauna a Mafara."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Sani. "Dama uwar ɗiyar ta ce kada in komo Bakura da wani labari in ba wanga ba."

Yau shagon Bashir yana bakin kasuwa, kuma ran Talata sai mutum ya yi da gaske kafin ya sami wurin tsayawa a gabansa. Abin da na koya da furfurata shi ne, kafin mutum ya auna garin wasu, ya fara leƙa ƙofar gidansa ya ga su wa ke zaune da abin da suke jira. In kuwa ya ƙi, ya dage sai ya tafka kuskurensa, to aƙalla kada ya aika Bakura da Maradun a zo a shaida.