Yadda Ake Mallakar Kaset ɗin Kallamu da Teba

Kai mai turin baro a kasuwar Mile One, nan Kudu, matso kusa. Ka gaji da hayar kaset ɗin gem na ƙwallo, wanda ake bugawa a talabijin, a shagon Kallamu? Bi matakan nan. Na yi maka alkawari kaya za su canja hannu, babu makawa.

1. Ba da jingina

Kallamu ba ya ba da kaset haka kawai. Zai ce, "Me za ka ajiye?" Tura masa baronka. E, wanda kake cin abinci da shi. Wa zai zargi mutumin da ya jinginar da abincinsa?

2. Nemo gawa

Wato mataccen kaset, irin wanda ruwan unguwar Borokiri ya jiƙa. Awwalu mai gyaran rediyo yana da su cike da bokiti. Kada ka gaya masa dalili, bakinsa ya fi rediyon ƙara.

3. Ɓare takarda

Kara kaset ɗin Kallamu a bakin butar mai shayi, tururi ya sassauta hoton 'yan ƙwallon da ke jikinsa. A hankali, malam! Gaggawa aikin shaiɗan ce, ko da aikin nasa kake yi.

4. Liƙa ta a jikin gawar

Masu kuɗi gam suke saya. Kai da kake da ragowar tebar jiya, ina ruwanka da gam? Lakato, shafa, danne, ka tura ƙarƙashin tabarma ya kwana. In da safe ka ga kiyashi suna zirga-zirga a wurin, kada ka kula su. Kowa da sabgar gabansa.

5. Mayar idan an ɗauke wuta

Babu wuta, babu gwaji. Ka miƙa gawar, ka ja gaisuwa: ya kasuwa, ya iyali, ya labarin gida? Idonka kuwa yana kan baro.

6. Kada ka kalli gemunsa

Nan fa ake yin ta. Kallamu, da wuta ko babu, sai ya hura kaset, fuu, wai saboda ƙura. Kiyashi za su fito sahu-sahu su hau gemu. Zai kakkaɓe, ya shinshina kaset ɗin, ya dube ka.

"Ɗan'uwa, yaushe 'yan ƙwallon nan suka fara cin teba?"

Ka dake ka ce, "Oga, ai tun da suka zo Kudu."

Shago zai fashe da dariya. Shi ba zai yi ba. Sarƙa da kwaɗo zai ɗauko ya ɗaure baronka. Wallahi wannan wurin har ni yana ba ni tausayi.

Abin lura

Ni babu ruwana. Ban ɓare ba, ban liƙa ba, ban gayyaci kiyashi ba. In gobe ka ɗauko buhun albasa a ka, ka gan ni ina tura baro mai kama da naka, kada ka tare ni da rigima. Kallamu ya fara ba da hayar baro, kuma duk wanda ya jawo masa sabon mai jinginar da baro, rangwame yake yi masa.