Tukwicin da Na Ba Shugaban Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gayyace ni jami'ar da 'yata Hindatu take karatun noma. Abin da ya kai ni, wani tsohon irin gero ne da muka gada a gidanmu can wajen Bagwai. Malamanta sun zo sun roƙa za su yi bincike a kansa, na ɗebar musu kyauta. Sai ga saƙo wai an sa ni cikin masu ba jami'a gudummawa, za a karrama mu.

Tun a mota Hindatu take min gargaɗi. "Baba, don Allah ka karɓa kawai ka yi godiya ka sauko. Duk 'yan ajinmu suna wurin."

Na ce, "Ke, ni da nake ajin yaƙi da jahilci za ki koya wa zaman taro?"

Aka zaunar da ni a layin gaba, tsakanin Alhajin da ya gina ɗakin karatu da Hajiyar da ta ba da motoci (ni kuwa da gerona). Wani ya hau dandamali ya daɗe yana bayanin yadda jami'ar ta wuce takwarorinta a jerin gwanaye, ana ta tafi. Ban ko dubi fuskarsa ba, don na duƙufa kan wani babban rubutu a bango, ina harhaɗa baƙaƙen a hankali yadda malaminmu ya koya mana. Na yi ta fama ya ƙi fita (ashe Turanci ne).

Can na ji sunana. Na hau, na hangi wani mai babbar riga da ƙaton agogo a kujerar tsakiya, na ce a raina ga mai gidan nan. Sai wani siririn mutum da kaftani mara aiki ya nufo ni da allon yabo, ya ce, "Baba, ga saƙon jami'a."

To, mu a wurinmu ɗan aike ba ya komawa hannu wofi. Na laluba aljihu, na haɗa goro da 'yar takardar kuɗi duk ta yamutse, na danƙa masa. "Ungo yaro, ka sha ruwa. Ka ce wa mai gidanka na gode."

Lasifika tana dab da bakina. Sai dariya ta ɓarke a ɗakin taron. Mai gabatarwa ya matso ya raɗa min, "Baba, ai shi ne shugaban jami'ar." (Mai agogon kuwa baƙo ne kamar ni.)

Na nemi Hindatu da ido, na gan ta ta tura fuska cikin mayafi.

Bawan Allahn nan bai mayar min ba. Ya ɓare goron ya jefa a baki, ya ce, "Tun da na hau kujerar nan ba wanda ya taɓa ba ni tukwici. Allah ya amfana, Baba." Aka sake tafi, har ya fi na Alhaji.

A hanyar gida Hindatu ta ƙi kula ni sai da muka wuce Dawanau, sannan ta fashe da dariya. "Baba, sun riga sun sa min suna 'Yar Mai Tukwici!"

Har yau ban daina ba da tukwici ba. Sai dai yanzu kafin hannuna ya shiga aljihu, nakan fara tambaya a ladabce, "Ranka ya daɗe, a nan kai ne wa?"